Sabulu a Bakan Goge

Yusha'u Mai Goge ya ba ɗansa Jamilu muryar gogensa cikin kwana uku, Talata da Laraba da Alhamis, a wani ɗaki da ke bayan kantin magani a Malali.

Ba da son ransa ya je ba. Matarsa Turai ce ta tsaya masa a ka. Shekararsa saba'in da huɗu, arba'in da takwas daga ciki da goge a hannu, kuma duk faɗin Unguwar Kanawa babu mai ce masa tashi ya tashi in ba ita ba.

"Tun da aka haifi yaron nan bai taɓa tambayarka komai a kan gogen nan ba," in ji ta. "Yau ya tambaya. Sa takalminka."

Gaskiya ta faɗa. Jamilu ɗan fari ne, shi ya sa uban bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "kai". Yana ƙarami, idan aka tashi daga makaranta, ta bayan layi yake bi don kada abokansa su ga ubansa zaune a bakin zaure yana shafa wa bakan goge ƙaro. 'Yan ajinsu suna kiransa ɗan mai goge, ya yi dambe a kan haka har ya rasa haƙori. Yusha'u ya san duk wannan, bai taɓa cewa uffan ba. Yanzu yaron ya kai shekara talatin da takwas, da mata da 'ya'ya uku, kuma kiɗan da ya guda shi ne abincinsa. Masu fim da masu talla yake haɗa wa kiɗa, amma da kwamfuta da fiyano. Ranar da ya zo ya durƙusa ya ce yana so ya ɗauki muryar gogen, Yusha'u ya zaci koyo yake so ya fara. Bai faɗa wa kowa wannan zaton ba. Ya dai sake wa bakansa izga, ya shanya gogen a rana don fatar ta ɗaure, ya sa riga mai tsabta.

Ɗakin babu taga. An manne bangonsa da soso, an kashe fanka don kada ƙararta ta shiga. Jamilu ya zaunar da shi a kan tabarma, ya saita abin ɗaukar magana kusa da ƙwaryar gogen, ya koma gaban kwamfuta ya sa wani abu a kunne.

"Ja murya ɗaya, Baba. Ka riƙe ta har in ɗaga hannu."

"Wane take?"

"Ba take ba. Murya ɗaya tak."

Yusha'u ya ja. Jamilu ya ɗaga hannu.

"Ita ɗin dai, amma a hankali. Yawwa. Yanzu da ƙarfi. Yanzu gajera, kamar ka taɓa wuta ka janye."

Haka aka yi ta yi har azahar. Yatsa ɗaya, murya ɗaya, ta fuska bakwai ko takwas, sannan a koma yatsa na gaba. Gumi ya jiƙa rigar tsohon. A ƙarshe ya ajiye bakan a cinya.

"Kai, ni ba akuya ba ce da za a ce in yi kuka in yi shiru. Me kake yi da wannan?"

Jamilu ya cire abin kunnen. Ya ce Turawa suna da wani irin kiɗa na goge zalla. Mutum arba'in ne za su zauna a jere, masu ƙananan goge a gaba, masu manya a baya, wani gogen ma a tsaye ake jansa saboda girma. Akwai wani tsohon kiɗansu da ya haura shekara ɗari biyu, a rubuce yake a takarda, kuma shi yake so ya sake ginawa da muryar gogen ubansa. Kowace murya aka ɗauka zai ajiye ta ƙarƙashin maɓalli guda na fiyano. In ya danna, gogen ne zai yi kuka. Waɗanda yake so su yi kauri sai ya saukar da su a kwamfuta su tsaya a madadin manyan.

"Arba'in ɗin suna ina?"

"Kai ne arba'in ɗin, Baba."

"Ni ɗaya uwata ta haifa."

Jamilu ya yi dariya. Uban bai yi ba. A nan ya gane ba koyo aka kira shi ba, amma ya riga ya zo, kuma shi ba ya barin aiki a tsakiya.

Ranar Laraba, da aka zo kan yatsa na uku, Jamilu ya ɓata fuska yana duban kwamfuta.

"Sake wannan, Baba."

Ya sake.

"Ɗan ɗaga ta kaɗan."

"Nan ne wurinta."

"Ko tsirkiyar ce ta saki?"

"Na ce maka nan ne wurinta."

Jamilu ya ce to, su wuce.

Da ya taɓa zama ya tambaya, da an gaya masa. Yusha'u a hannun Ɗankulu ya koyi goge, wani mutumin Soba da ya zauna a Kaduna har ya mutu. A gidan Ɗankulu yatsa na uku ba ya sauka inda na sauran masu goge yake sauka. Baya kaɗan yake tsayawa, tazarar ba ta fi ƙwayar dawa ba, sai muryar ta fito ƙasa-ƙasa kamar wanda kuka ya zo masa ya danne. Kwantacciya suke kiranta. Shekara biyu Ɗankulu yana bugun yatsan Yusha'u da kara kafin ya zauna a wurin. Masu kunne ko ta bayan katanga suka ji sukan ce, wannan yaron Ɗankulu ne. Su tara suka koya a gidan. Bakwai sun rasu. Na takwas yana Zariya, ɓarin jikinsa ya shanye, ko cokali ba ya iya riƙewa. Yusha'u kaɗai ya rage mai jan ta.

Wata huɗu suka wuce babu wanda ya sake tayar da maganar. Ran nan ƙaronsa ya ƙare, ya hau keke napep zuwa Babbar Kasuwa. Bayan ya saya ya biya ta rumfar Shu'aibu. Shu'aibu shi ne ya yi shekara talatin yana buga masa ƙwarya a wajen biki, kafin ciwon kafaɗa ya zaunar da shi yana sayar da ƙore da ludayi.

Tun daga nesa Shu'aibu ya fara.

"Ku matsa, ga mutum arba'in nan. Wa ke da benci arba'in?"

"Tsufa ya fara taɓa maka kai?"

"Ni ko kai? Kana gida kana minshari, kana kuma cikin wayar kowa kana kiɗa. Zauna ka ji kanka."

Ya ciro waya ya danna, ya kara masa a kunne.

Muryoyi suka taso a hankali, masu kauri daga ƙasa, sirara daga sama, wasu na bin wasu, su rabu su sake haɗuwa. Hayaniyar kasuwa ta yi masa nisa. Abin yana da daɗi, wannan ba zai musa ba. Kuma gogensa ne. Ya ji ɗan gurnanin nan da fatar guza take yi a farkon ja, tun shekarar da ƙwaryar ta tsage ya liƙe ta. Sai dai gurnanin yana ta zuwa iri ɗaya, babu bambanci ko kaɗan, kamar an buga shi da hatimi.

Sai kiɗan ya hau kan yatsa na uku.

Yusha'u ya janye kansa daga wayar.

"Maido baya."

Shu'aibu ya maido. Muryar ta sake zuwa, a miƙe, tsaf, irin wadda kowane yaron da ya yi wata uku da goge zai ja. Kwantacciya babu ita. Duk inda ya kamata ta fito, an tashe ta tsaye.

"Me aka rubuta a ƙasan nan?"

Bokon Yusha'u bai wuce gane sunansa ba, kuma ya riga ya gane shi. Shu'aibu ya karanta masa sauran da ƙyar: gogen Yusha'u na Unguwar Kanawa, almajirin Ɗankulu na ƙarshe.

Wasan ya bar fuskar Shu'aibu. Ya ajiye wayar a cikin wata ƙwarya.

"Ba kai ka ja ta haka ba?"

Yusha'u ya dube shi.

"Wallahi na ɗauka kai ne," in ji Shu'aibu. "Na ce a raina, Allah sarki, girma ya zo, yatsan ya zame gaba. Shi ya sa ma ban zo gida na yi maka maganar ba."

Wannan ita ce ta soke shi. Mutumin da ya zauna a gefensa shekara talatin ya ji, ya yarda. To ina ga wanda bai taɓa ganinsa ba? Ya tashi ko sallama bai yi ba, ya bar ƙullin ƙaron a kan benci. Shu'aibu ya biyo shi da shi har bakin titi.

Bai koma gida ba. Malali ya nufa. Ya tura ƙofar ɗakin sosan ba tare da ya ƙwanƙwasa ba. Jamilu ya miƙe da sauri.

"Baba, sannu da zuwa. Da ka kira ni ai da na zo."

"Wa ya taɓa mini yatsa?"

Jamilu bai yi kamar bai gane ba. Ya jawo wa uban kujera, uban ya ƙi zama. Sai ya juya fuskar kwamfutar gare shi, ya nuna wani layi da ya ratsa ta.

"Ka ga layin nan, Baba? Nan ne muryar ya kamata ta zauna. Duk sauran naka suna kai. Wannan ɗaya ce take faɗowa ƙasa. Na ɗauka zafin ɗakin ne ya saki tsirkiyar. Sai na ɗan ja ta sama."

"Wa ya ja layin?"

"Haka aka auna. Duk duniya da shi ake aiki."

"Duk duniya. Ɗankulu a wata duniyar ya zauna?"

"Ban san da gangan kake yi ba."

"Na gaya maka nan ne wurinta. Sau biyu na gaya maka. Ka ji ubanka, ka ji akwati, ka gaskata akwati."

Jamilu ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Bari ka ji wani abu." Ya yi ta danne-danne, ya maido muryar yadda aka ɗauke ta tun asali, ya kunna wani yanki. Muryoyin suka taso kamar ɗazu. Da suka iso wurin, kwantacciya ta faɗo a tsakiyar sauran, ta gogi na sama da ita, ta gogi na ƙasa. Abin ya yi tsami kamar an matsa lemo a madara.

"Ka ji? Su kiɗan nasu muryoyi huɗu biyar ake jingina wa juna a lokaci guda. In ɗaya ta kauce, duk sun zube. Kai kana jan ta ita kaɗai, shi ya sa take daɗi. A nan ba ta da wurin zama."

Yusha'u ya ji, kuma kunnensa ba ya yi masa ƙarya. Ba ta zauna ba.

"To kiɗan ne bai dace da gogen ba. Ka nemo musu nasu. Ka cire sunana, ka cire na maigidana."

"Ya riga ya fita, Baba."

"Ka bi shi ka dawo da shi."

"Ba a iya wannan," in ji Jamilu. "Kuma akwai wata magana. Dama gida zan zo da ita."

Wata ƙungiyar raya al'adu ce ta ji kiɗan. Suna da babban taro ranar Asabar mai zuwa, kuma da shi suke so su buɗe. Za a ɗauki hoton taron a nuna a talabijin, a kuma ajiye a ma'adanarsu don 'yan baya. Shugabar shirin, Hajiya Fadila, ta ce lalle a ga mai gogen a kan dandamali.

"Ina so mutane su gan ka, Baba. A gaban manya, da fitila a kanka. Ba a bakin zaure ba."

"Me bakin zauren ya yi?"

Jamilu ya mai da idonsa kan kwamfuta.

"In zan hau," in ji Yusha'u, "da hannuna zan hau, yadda aka koya mini."

"Za mu duba wajen gwaji ranar Juma'a."

"Ban ce zan zo ba."

Ya fita ya bar ƙofar a buɗe.

Kwana uku bai yi maganar da kowa ba. Yakan zauna a zaure ya ja goge shi kaɗai, ya yi ta komawa kan yatsa na uku kamar mai duba ko an sace masa wani abu a aljihu. Ranar Alhamis Turai ta kawo masa tuwo ta ajiye, ta ƙi tafiya.

"Yaron ya zo jiya kana masallaci."

"Na ga sawun motarsa."

"Hajiyar ta ce in babu kai a dandamali za su cire kiɗan su sa 'yan rawa. Shekara goma sha biyar yana cikin ɗakin nan kamar gafiya, sunan wasu ake kira a kan aikinsa. Wannan ne karo na farko da za a kira nasa."

"Da sunana zai sayi nasa?"

"Malam, yatsa ɗaya ne."

"Ke ma kin faɗa."

"Na faɗa. Ni na wanke maka yatsan nan da ruwan zafi lokacin da tsohon nan yake fasa shi, na san kuɗinsa. Amma kai da kake cewa bai taɓa tambayarka ba, ka taɓa tambayarsa me yake yi a ɗakin nan? Ku biyun duk jakai ne, shi ƙarami kai babba. Ka je gwajin. In ka ga abin da ba ka so, ƙafarka tana jikinka."

Ya jawo tuwon ya ci. Ita ta san ma'anar hakan, ta tafi ta ciro babbar rigarsa daga akwati.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka tafi, shi da Shu'aibu, wanda ya ce sai ya ga arba'in ɗin da idonsa. Ɗakin taron babba ne, kujeru jere babu kowa a kai. An shimfiɗa kilishi a tsakiyar dandamali, an kafa manyan lasifika biyu dama da hagu. Masu ɗaukar hoto suna ta jan waya a ƙasa. Hajiya Fadila ta taho da takardu a hannu da tabarau a goshi, ta rusuna.

"Baba, barka da zuwa. Mun ji aikinka, har hawaye na yi."

"Ba nawa kika ji ba."

Ta yi murmushi, ta ɗauka tawali'u ne. Ta wuce tana ba wani umarni a kan fitila.

Yusha'u ya zauna a kan kilishin, ya kwance gogen daga jakarsa. Kafin ya ciro baka, Jamilu ya hawo da wani sabo a hannu, an naɗe mariƙinsa da jar fata.

"Ga wannan, Baba. Na sa an yi maka."

Yusha'u ya karɓa. Aikin mai kyau ne. Ya shafa izgar da babban yatsa. Izgar da aka sa wa ƙaro takan kama fata, ta yi ɗan ƙara. Wannan santsi ta yi. Ya kai ta hanci.

"Sabulu."

Jamilu ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Na yi ta tunani, Baba, babu wata hanya. In ka ja da gaske, muryarka za ta yi karo da ta lasifika a wurin nan da ka ji. Da sabulu bakan zai zame, ba zai yi ƙara ba. Kai dai ka bi kiɗan da hannu. Mutane za su gan ka, su ji kiɗan. Babu wanda zai sani."

"Ni fa?"

Hajiya Fadila ta jiyo, ta dawo.

"Haka ake yi ko'ina, Baba, har manyan mawaƙa. Don kada a samu matsala ne a gaban baƙi. Mu gwada sau ɗaya ka gani. A kunna."

Aka kunna. Ɗakin ya cika da muryoyi, har kilishin yana rawa a ƙarƙashinsa. Yusha'u ya ɗora bakan a tsirkiya ya ja, don ya ji da hannunsa abin da ake so ya yi. Bakan ya zame. Gogen da ya yi shekara arba'in a cinyarsa bai ce komai ba, sai wani ɗan huci kamar na maciji. Daga lasifika kuwa gogensa yana ta kuka, sau arba'in, da yatsan wani.

"Madalla, Baba," in ji mai ɗaukar hoto. "Haka za ka yi. Ɗan saki fuska."

Yusha'u ya ajiye bakan a ƙasa. Ya ciro nasa daga jaka, ya kwance ƙullin ƙaro, ya goga masa a natse, gaba da baya. Kiɗan yana ta tafiya. Sau uku kawai ya taɓa jin sa, amma kunnen da Ɗankulu ya horar ba ya buƙatar na huɗu. Ya jira siririyar muryar da ke sama ta zagayo, ya shiga.

Gogen gaske ya ratsa ta cikin na lasifika kamar mutum mai rai a tsakiyar hotuna. Masu jan waya suka tsaya. Shu'aibu, a kujerar gaba, ya fara buga gwiwarsa da yatsu. Jamilu ya tsaya da baki a buɗe, domin bai taɓa zaton uban zai iya bin kiɗan ba.

Sai aka iso yatsa na uku. Arba'in suka miƙe. Yusha'u ya kwantar.

Tsamin ya cika ɗakin. Bai gudu daga wurin ba. Ya riƙe muryar, ya danna bakan, ya ja ta har ƙarshen izga.

"A kashe," in ji Hajiya Fadila. "A kashe, don Allah."

Aka kashe. Ta dubi Jamilu.

"Malam Jamilu, ba haka muka yi da kai ba. Abin da kwamiti ya ji shi ya amince da shi. Ina da minti goma kafin 'yan rawa su hau. Ku daidaita, ko in gyara takarda."

Ta sauka. Jamilu ya ɗauki bakan sabulun daga ƙasa, ya durƙusa a gaban ubansa a kan gwiwa biyu.

"Baba."

"Kashe arba'in ɗin, in yi ni kaɗai."

"Ba goge ɗaya suka gayyata ba."

"To ka sauko da su inda nake."

"Ka ji yadda take fitowa. Ko na kwana ina yi ba za ta zauna ba. Kiɗan ba zai ɗauka ba."

"Gogen ma bai ɗauka ba. Kai ka tilasta masa."

"Minti shida ne, Baba. Minti shida ka zauna, a tafa maka, a kira sunanka da na maigidanka."

"A kira sunansa a kan abin da ya fasa mini yatsa don kada in yi. A ɗauka da fuskata a ajiye. In na mutu, duk wanda ya nemi hannun Ɗankulu a kunna masa wannan, a ce ga shi, ga ma tsohon yana ja."

Idon Jamilu ya kaɗa. Muryarsa ta tashi, abin da bai taɓa yi a gaban uban ba.

"Shekara nawa ina ɗauke da abin da na yi ina yaro? Ka ɗauka ban san ka sani ba? Wata huɗu na yi a kan aikin nan, murya ɗaya-ɗaya nake jerawa, don in tsaya gaban mutane in ce wannan ubana ne. Yau da na daina jin kunya, yau za ka kunyata ni?"

"Ba ka daina ba," in ji Yusha'u. "Da ta bayan layi kake bi. Yanzu sai da ka wanke ni da sabulu kafin ka nuna ni."

Shu'aibu ya sunkuyar da kai. Daga ƙasan dandamali Hajiya Fadila ta duba agogo, ta cire murfin biro. 'Yan rawa sun fara shigowa ta ƙofar gefe da ƙararrawa a ƙafafunsu.

Yusha'u ya sassauta tsirkiya, ya sa gogen a jaka, ya sa bakansa, ya ɗaure. Ya dafa kafaɗar Shu'aibu da ya hawo, ya miƙe. Jamilu yana nan a durƙushe, ya ɗaga bakan da hannu biyu.

"Don Allah, Baba. Don darajar Inna. Gobe kawai."

Yusha'u ya dubi bakan, ya dubi ɗansa.

"Ba zan ja ba."